Kalmomi Biyu na Baba Ilu

Kun taso kuna jin ana cewa ubanku ya taɓa amsa laifi a gaban shari'a a Faransa. Wasu da zolaya suke faɗa muku, wasu da niyya. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, don kun san ni ba mai baki ba ne, alƙalami ya fi mini sauƙi. To ga shi na rubuta tun idona yana da sauran gani. Ba zan ce wanke kaina zan yi ba. Abin da na sani zan faɗa, inda na kasa ganewa kuma zan ce na kasa.

Da girmana na tafi Lyon, bayan na yi shekaru ina koyar da Faransanci a lise, wato sakandare, a Damagaram. Burs, wato tallafin karatu, aka ba ni in yi karatun fassara, na bar ku da uwarku a gidan kakanku. Ɗakina yana unguwar Guillotière, hawa na biyar, kuma don ƙanƙantarsa sai na cusa kujera ƙarƙashin tebur kafin sallaya ta sami wurin shimfiɗa. Daga aji sai ɗakin karatu, ba na zuwa ko'ina. Abokan karatuna suka laƙaba mini suna Birgil, wato waƙafi, saboda sau ɗaya tak da na yi magana a aji ba a tambaye ni ba, a kan waƙafin da malami ya sa inda bai dace ba ne. Burina guda ne a lokacin: in shiga jerin tafintocin da kotu take rantsarwa. Na riga na kai takarduna. Da wannan aikin nake sa ran in sami izinin zama, in ɗauko ku ku yi lakwal, wato boko, a can.

In aka yi hutu sai in hau jirgin ƙasa zuwa Paris, gidan Kawu Alhaji Mamman, ƙanin mahaifiyata, a Aubervilliers. Ɗan kasuwa ne, yana sarin atamfa da takalma a manyan ɗakunan ajiya na unguwar, yana aikawa Maradi da Kano. Matarsa Hajiya Rabi Bakatsiniya ce, don haka kowane abu a gidan sunansa biyu. Shi ya ce biro, ita ta ce ofis. Shi ya ce aboka, ita ta ce lauya. Shekara ashirin suna tare, ba wanda ya sako wa wani.

A shekarar da nake ba ku labari ne bututun mai ya fashe can kudu, a wata ƙasa ta bakin teku, daidai inda kogi yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Akwai mutanenmu a wurin, masunta da masu banda kifi, ƴan garin su Kawu, waɗanda suka je ci-rani tun da daɗewa suka kafa zango suka zauna. Man ya yi makonni yana kwance a kan ruwa. Wata ƙungiya ta ɗauki maganar ta kawo Paris, saboda uwar kamfanin a nan take. Mutanen ƙungiyar sun je zangon sun ɗauki muryoyin masuntan a kaset, sai aka rasa mai juya su zuwa Faransanci. Muna cin tuwo da rana Kawu ya gaya mini ya ba da sunana.

"Na ce musu ɗan ƴar'uwata, ko ƙuda ne ya sauka kan takarda sai ya duba in aya ce."

"Alhaji, ka tambaye shi kuwa," in ji Hajiya, "ko ɗaure shi ka yi ka kai kasuwa kamar rago?"

"Mi za ni tambaya? Mutanen garinmu ne. Ko ba haka ba, Sani?"

Na ce haka ne, Kawu. Ban taɓa ce masa wani abu dabam ba.

Lauyar ƙungiyar mace ce, Metir Solanj, doguwa mai saurin magana. Ranar farko ta tsaya gaban allo ta zana mini yadda abin yake. Bututun na wani kamfani ne. Mai tura mai a cikinsa wani kamfani ne dabam, ɗan wannan na Paris, amma uwar ta ce ɗanta ya balaga, ba ruwanta da abin da ya yi. Ɗan ya ce ya ba wani ɗan kwangila aikin kula da bututun. Ɗan kwangilar ya ce ƙarfen da aka sayar masa ne ba shi da kyau, wanda ya ƙera ƙarfen kuma kamfaninsa ya rushe tuntuni. Bayan duk wannan, dukkansu suna cewa ai ɓarayi ne suka huda shi. Na kwafe zanen a littafina da kibiyoyinsa duka, na bi su da yatsa har sau uku, kowane karo sai in dawo inda na fara. Da ƙyar na buɗe baki na tambaye ta, to wa ya zubar da man? Ta yi dariya ta ce in da ta sani da ba ta buƙatar kotu. Daga nan ta miƙo mini kwalin kaset, ta ja mini kunne.

"Kalma da kalma nake so. Kada ka gyara musu magana, kada ka ƙawata. Lauyoyin kamfani za su nemo nasu masanin ya bi bayanka. In ka ƙara ko kalma ɗaya, za su ce mu muka sa musu magana a baki."

Wannan umurni ya yi mini daɗi, don irin aikina ne. Na koma Lyon na sayi manyan takardu, na ja layi a tsakiyar kowace. A hagu ina rubuta abin da mutum ya faɗa kalma da kalma, a dama kuma ina rubuta abin da Bahaushe zai fahimta in ya ji. Wata biyu na yi ina wannan. Kaset na bakwai shi ne na Baba Ilu, sarkin masuntan zangon, tsoho mai sanyin murya. Ya yi bayanin yadda taru ya koma baƙi ƙirin, yadda kifin da aka banda yake warin kananzir har kare ya ƙi ci, yadda mata suka kashe wutar banda suka zauna. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Can wajen ƙarshe mai tambayar ya ce, "Baba, aikin da kamfani ya yi bayan man ya malala, yaya ka gan shi?" Sai tsohon ya yi tari, ya ce, "To... ba laifi."

Ku da kuka sha Hausa a nono ba sai na yi muku bayani ba. In aka tambayi majinyaci yaya jiki ya ce ba laifi, ba likitan da zai sallame shi a kan haka. A dama na rubuta cewa amsa ce ta kawaici, irin wadda mutum yake bayarwa in ba ya so ya yaba kuma ba ya so ya kushe. A hagu kuwa, kamar yadda aka umurce ni, na rubuta il n'y a pas de faute, wanda a Faransanci yake nufin babu wani laifi da aka aikata. Na aika kwafin takardun Paris. Mai buga takardu ta ofishin lauya ta ga layi biyu, ta tuna an ce kalma da kalma, sai ta buga na hagu kaɗai. Aka aiko mini da bugaggen in duba in sa hannu. Kwana uku na yi a kansa. Na gyara waƙafi, na gyara ɗigon da ke kan haruffa, na gano sunan wani ƙauye da aka rubuta iri biyu. Na bi ta kan wannan layin fiye da sau ɗaya ban tsaya ba. Na daɗe ina tambayar kaina dalili. Abin da na iya ganowa shi ne, idona yana karanta Faransanci, kunnena kuma yana jin muryar tsohon da tarinsa. A wurina layin bai ce komai ba sai abin da Baba Ilu ya ce. Na sa hannu.

Bayan wasu watanni, ina ɗakin karatu da hantsi, Kawu ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce in taho Paris. Ashe lauyoyin kamfani sun mayar da amsarsu, kuma a shafin farko sun kafa kalmomin da manyan haruffa: ga shugaban masuntan da kansa, an tambaye shi game da aikin kamfani, ya ce babu laifi. A ƙasa ga sunan wanda ya fassara. Kafin in iso labari ya riga ni. Na sauka a unguwar Barbès ta Paris don in sami Kawu a shagon wani abokinsa, na bi ta ƙarƙashin gadar metro inda ake kasuwa. Mutanen da a da sai sun tsare ni da gaisuwa har ƙafata ta gaji, ran nan ɗaga hannu kawai suka yi. Wani mai sayar da wayoyi, mutumin Tawa, ya leƙo daga shagonsa ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Malam tafinta! An zo lafiya? Yaya aljihu, ba laifi dai ko?"

Aka kwashe da dariya. Sai da na yi nisa na gane abin da yake nufi, wato an saye ni.

A gida Kawu ya zauna a kujerarsa bai cire hula ba. Na fito da takarduna na asali masu layi biyu, na shimfiɗa a gabansa, na fara nuna masa hagu da dama.

"Ni ba hagu da dama na tambaye ka ba. Kai ka rubuta ko ba kai ba?"

"Ni na rubuta, Kawu, amma a gefe..."

"Tsohon nan da ubana suka yi wasan ƙasa. Yanzu ana cewa ɗan gidana ya sa shi ya wanke nasara. Da wane ido zan shiga masallaci?"

"Da idon da ka kai shi ba ka tambaye shi ba," in ji Hajiya daga bakin madafa. "Laifi tudu ne, Alhaji. Lauyar nan ba ita ta ce kalma da kalma ba? Mai bugawar ba ita ta yar da rabin aikin ba? Kuma shi tsohon, wa ya aike shi yin kawaici a gaban rikoda? Ku kira shi mana ku ji daga bakinsa."

Aka yi ta neman layi har bayan la'asar kafin a samu. Wayar wani mai shago ce a zangon, sai da aka je aka taho da tsohon. Kawu ya gaishe shi a taƙaice, ya miƙo mini. Muryar nan da na yi wata biyu ina mayarwa baya ina saurare, sai ga ta tana amsa mini. Na durƙusa a kan kafet ba tare da na sani ba. Na gaya masa abin da ya faru, na ce, Baba, da ka ce ba laifi, me kake nufi?

"Abin da na faɗa mana, ɗana."

"Baba, su sun ɗauka cewa ka yi kamfani bai yi laifi ba."

"Aikin kamfani aka tambaye ni. Waɗanda suka zo aikin ai na gan su. Ƴaƴan maƙwabtanmu ne, an ba su shebur da bokiti, ba safar hannu, suna kwasar baƙin abin nan tun safe har fatar hannunsu ta saɓule. Matanmu ne ma suke ba su ruwan sha. Sai in buɗe baki in ce aikinsu bai yi ba? Sun yi iyakar ƙarfinsu. Ruwan ne dai bai gyaru ba."

"To shi kamfanin fa, Baba? Wanda ya aiko su?"

"Yauwa, shi nake so ka gaya mini, tun da kai kana kusa da shi. Wai wane ne shi? Ɗan wa ne? Ni ban taɓa ganinsa ba. In na san mutum sai in san ko zan yafe masa ko ba zan yafe ba."

Na tuna zanen kibiyoyin da ke littafina. Na ce masa ban sani ba, Baba. Ya ce to Allah ya sanar da mu, ya tambayi lafiyar iyalina, layin ya yanke. Na tashi kaina ya fi ɗaurewa fiye da da. Abin da na rubuta a hagu ba shi yake nufi ba. Amma abin da na rubuta a dama ma, wanda nake taƙama da shi, ba shi ba ne. Ba kawaici kaɗai ya yi ba. An tambaye shi wani abu, ya amsa wani abu, kuma gaskiya ya faɗa.

Washegari na je wurin Metir Solanj da shafi huɗu da na rubuta. Na jera komai daki-daki: umurnin da ta ba ni, layukan nan biyu, abin da mai bugawa ta yi, dubawar da na yi ban gani ba, da abin da tsohon ya gaya mini a waya. Ta karanta a tsaye, ta ajiye, ta ce duk gaskiya ne, amma ba za ta iya kai shi kotu ba. In aka ce umurninta ne ya jawo, to duk kaset ɗin da aka fassara da wannan umurni sun zama abin shakka. In aka ce ofishinta yana zubar da rabin aikin tafinta, haka nan. Shaidar mutanen zangon gaba ɗaya za ta zube. Hanya ɗaya ce ta ga za ta tsirar da sauran: a ce kuskure ne guda, a layi guda, na mutum guda, a ba wani ya sake fassara kaset na bakwai. Ta turo mini takarda mai layi uku. Kalmar faute, wato laifi, tana ciki, sunana yana ƙasa.

"Ba zan tilasta maka ba," ta ce. "Kuma sai na gaya maka, takardar nan za ta shiga dosiye, wato fayil ɗin shari'ar, masu duba neman da ka yi a Lyon za su iya ganinta."

Na roƙe ta ta ba ni sa'a ɗaya. Na fita na zauna a wani benci kusa da tashar jirgi, da shafuffukana huɗu a cinya. Na sake karanta su, ban sami ƙarya ko ɗaya ba. Amma ina cikin karantawa sai na ga siffarsu: wannan ya ce wancan, wancan ya ce wancan, kibiya tana bin kibiya. Ban san ko kamannin da na gani na gaskiya ne ko gajiya ce ta sa ba. Ni ban zubar da mai a ruwan kowa ba. Na tuna da ku, da lakwal ɗin da na yi wa uwarku alkawari. Na kuma tuna sa hannun da ke ƙasan fassarar nan nawa ne, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Na koma na ce ta gyara waƙafi ɗaya a layi na biyu. Ta dube ni, ta gyara. Na sa hannu.

Abin da ya biyo baya kun san rabinsa. Daga Lyon aka aiko mini da wasiƙa mai ladabi cewa ba a karɓi nemana ba, ba a faɗi dalili ba, don haka ba zan rantse cewa takardar ce ba. A Barbès kuwa sa hannun ya zama hujja: ai ga shi ya amsa da bakinsa. Kawu ya yi kusan shekara ba ya kirana, Hajiya ce take aiko mini da kilishi da yaji ta hannun masu zuwa Lyon, da saƙon cewa in ci abinci in bar tunani. Na gama karatuna na dawo Damagaram na koma aji, ku kuma kuka yi lakwal ɗinku a nan. Uwarku ba ta taɓa yi mini gori ba, sau ɗaya dai ta tambaye ni ko da na ƙi sa hannu me zai faru, na ce ban sani ba, kuma har yau amsar ke nan. An sake fassara kaset na bakwai, an karɓi shaidar mutanen zangon. Shari'ar ta yi ta tafiya shekara da shekaru, daga wannan kotu zuwa waccan, ana gardamar ko uwa tana ɗaukar laifin ɗa, ko ma a Paris ya kamata a yi maganar. Baba Ilu ya rasu ana cikin haka.

Da aka rufe maganar, Metir Solanj ta rubuto mini. Ta ce an yi sulhu a bayan fage, za a yi wa zangon wani abu, amma sharaɗin sulhun shi ne kamfani bai amsa komai ba, uwar da ɗan da ɗan kwangilar duka. Ta ce kafin a kai dosiyen ma'ajiya ta sake bin sa, kwalaye sun cika rabin ɗaki, akwai rahoton masana ruwa da na masana ƙarfe da amsoshin lauyoyi. Ta ce tana ganin ya kamata in sani, ko da yake ba ta san ko zai yi mini daɗi ba: a cikin takardun nan kaf, wadda wani ya rubuta cewa laifinsa ne ya sa hannu a ƙasa guda ɗaya ce, mai layi uku.

Na karanta wasiƙar a tsakar gida, ana daka, ku kuna shirin tafiya Islamiyya. Uwarku ta ga na daɗe a tsaye ta ce, Malam, labarin daɗi ne ko na baƙin ciki? Na juya takardar na duba bayanta ko akwai ƙari. Babu. Na ce mata ta ba ni lokaci in sake karantawa.